Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Sanata Aliero da Jam'iyyarsa a Makon Fid da Gwani na 2022

Mutum tara ne kacal suka wakilci ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama a dandalin Eagle Square da ke Abuja a daren 7 ga Yunin 2022, sa'ad da jam'iyyar APC ta zauna fid da wanda zai yi mata takarar shugabancin ƙasa. Ƙa'idar da aka bi ita ce wakilai uku daga kowace ƙaramar hukuma, don haka jihar Kebbi mai ƙananan hukumomi 21 ta tashi da mutum 63. Sanata Muhammad Adamu Aliero, wanda ya mulki jihar shekara takwas, wanda kuma a lokacin shi ke wakiltar waɗannan garuruwa a Majalisar Dattawa a ƙarƙashin tutar APC, kujerarsa ta sanata ba ta ba shi ko ƙuri'a ɗaya a wurin ba. Washegari da aka gama ƙirge, gwamnan jiharsa, Abubakar Atiku Bagudu, shi ne ya miƙe a matsayin shugaban kwamitin zaɓen ya shelanta cewa Bola Ahmed Tinubu ya yi nasara da ƙuri'a 1,271, Rotimi Amaechi na biye da 316, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo 235, sai Shugaban Majalisar Dattawa Ahmad Lawan da 152.

Kwana shida bayan nan, ranar Talata 14 ga Yuni, shi wannan Ahmad Lawan ɗin ya karanta wa majalisa wasiƙu biyu daga Kebbi. Ɗaya ta Aliero ce, ɗayar kuma ta Sanata Yahaya Abdullahi na Kebbi ta Arewa, wanda ke riƙe da muƙamin Shugaban Masu Rinjaye. Dukansu biyu sun bar APC sun koma PDP, kuma dalilin da suka bayar guda ne: babu dimokuraɗiyyar cikin gida a jam'iyyar, gwamna ya mallake ta ya hana kowa motsi. Wannan maƙala na son ta nuna cewa koken gaskiya ne, amma ba za a gane nauyinsa ba sai an duba tarihin mai yin sa, domin ɗakin da ya ce yana yoyo yana cikin waɗanda suka yi masa rufi.

Ƙasar da ta san ƙorafin rabo

Kafin a kai ga sanata, ya kamata a dubi ƙasar da ya fito. Jega mahaɗar hanyoyi ce: ɗaya ta nufi Birnin Kebbi, ɗaya ta bi ta Aliero da Tambuwal zuwa Sakkwato, ɗaya kuma ta gangara kudu ta Maiyama da Koko zuwa Yawuri da Kwantagora. Kasuwarta ta yi suna tun ƙarni na goma sha tara. Aliero an san ta da albasa da kuma masu ɗori, waɗanda ake kawo musu karayayyu daga nesa. Maiyama da garuruwanta irin su Andarai da Mungadi ƙasar noma ce. Dukansu suna cikin masarautar Gwandu, kuma suna cikin ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama mazaɓar sanatan Kebbi ta Tsakiya, tare da Birnin Kebbi da Gwandu da Kalgo da Bunza da Koko-Besse.

Wannan ƙasa ta san ƙorafin ɗan gida tun kafin a ƙirƙiro kalmar jam'iyya. Malam Abdussalami Bagimbane na cikin manyan almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma harin da dakarun Gobir suka kai wa jama'arsa a Gimbana, kusa da inda Jega take a yau, na cikin abubuwan da suka gaggauta hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Bayan an yi nasara aka raba ƙasa, sai aka ba shi Sabiyal, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Aliero. Bai gamsu ba. Ya ga kamar rabonsa bai kai gudummawarsa ba, ya faɗi haka a fili, kuma da Shehu ya rasu a 1817 aka shiga lokacin sauyin shugabanci, sai saɓanin ya zama tawaye a Kware. A farkon 1818 aka ci garin, Abdussalami ya rasu sakamakon raunin da ya samu. Ɗansa Buhari ne daga baya ya yi sulhu da Gwandu ya kafa Jega.

Ban kawo wannan don in daidaita jihadi da siyasar tikiti ba. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi gaban a haɗa. Na kawo shi ne saboda abu biyu da mai nazarin tarihi zai amfana da su. Na farko, ƙorafin ɗan gida yakan kwanta shekaru ana jin sa ƙasa-ƙasa, sai lokacin da ake neman magaji yake tashi tsaye. Na biyu, yawancin abin da aka sani game da hujjojin Abdussalami ya zo mana ne ta alƙalamin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafin da ya rubuta kan abin da ya gudana tsakaninsu, wato Sard al-Kalam. Mai suka ya yi magana, wanda ya yi galaba ya rubuta. A zamaninmu abin ya ɗan sauya: wasiƙar sanata tana nan a kundin majalisa, jaridu sun buga ta, kuma ana iya auna ta da ayyukan mai ita.

Wanda ya riƙe wuƙa da nama

An haifi Adamu Aliero a 1957. Ya karanta kimiyyar siyasa a Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi aikin kwastan, sannan ya zama gwamnan farar hula na Kebbi a 1999 a ƙarƙashin APP, wadda daga baya ta zama ANPP. Ya sake cin zaɓe a 2003. A zamaninsa ne aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jihar a garinsa na Aliero, a 2006. A zamaninsa ne kuma, a Yunin 2005, gwamnati ta tuɓe Sarkin Gwandu Mustafa Haruna Jokolo ta naɗa Janar Muhammadu Iliyasu Bashar, lamarin da shari'arsa ta ɗauki shekara ashirin tana yawo a kotuna. Duk wanda ke son ya san iyakar ƙarfin gwamna a jiha irin Kebbi, wannan kaɗai ya ishe shi ma'auni: idan rawanin gidan Abdullahin Gwandu bai gagari alƙalamin gwamna ba, ina ga shugaban jam'iyya na mazaɓa?

Amma abin da ya fi shafar zancenmu shi ne na 2007. Wa'adin Aliero na ƙarewa, ya riga ya tsayar da magajinsa, Sa'idu Usman Nasamu Dakingari, a ANPP. Ita kuwa PDP ta jihar ta riga ta yi nata zaɓen ta fid da Janar Muhammadu Magoro mai ritaya. Ana saura 'yan makonni a shiga zaɓe, gwamna ya kwashi jama'arsa ya koma PDP, aka cire sunan Magoro aka maye da na Dakingari, shi kuma Aliero ya karɓi tikitin sanatan Kebbi ta Tsakiya. Sun ci zaɓe. Ɗan takarar DPP, Abubakar Malam Abubakar, ya kai ƙara, kuma a Oktoban 2007 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Dakingari saboda yadda aka tsayar da shi. Sai a 2008 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar masa da kujerarsa.

A tsaya a nan a yi tambaya ɗaya: ina wakilan PDP da suka taru suka zaɓi Magoro? Babu wanda ya sake kiran su. An daidaita a sama, aka sanar da su a ƙasa. Abin da wasiƙar 2022 ta kira rashin dimokuraɗiyyar cikin gida, ga shi nan da ƙafafunsa shekara goma sha biyar kafin a rubuta ta, kuma a wancan karon mai wasiƙar ne ya ci moriyarsa.

Daga nan hanyar Aliero da ta Bagudu suka riƙa haɗuwa suna rabuwa. A Disambar 2008 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa Aliero ministan Babban Birnin Tarayya, sai Bagudu ya gaje kujerar sanatan a zaɓen cike gurbi. Da Goodluck Jonathan ya rushe majalisar ministoci a Maris na 2010, Aliero ya dawo gida ya tarar da kujerarsa da mai ita, gidan gwamnati kuma ba ya hannunsa. Ya koma CPC ta Janar Buhari, ya kara da Bagudu a 2011, ya faɗi. A 2015 guguwar canji ta haɗa su a inuwa guda: Bagudu ya zama gwamna, Aliero ya koma majalisa, dukansu a APC, aka kuma maimaita haka a 2019. Kowa ya san lissafin da ke jiran su. Wa'adin gwamna zai ƙare a 2023, gwamnonin Nijeriya kuma sun mayar da Majalisar Dattawa wurin hutawarsu, ga shi gwamnan da sanatan mazaɓarsu ɗaya. Kujera guda, maza biyu.

Yadda sanatoci suka yi wa kansu sakiyar da ba ruwa

Rikicin Kebbi reshe ne na wata babbar kokawa da aka yi a Abuja tsakanin gwamnoni da 'yan majalisa, kuma in ba a san ta ba, wasiƙar Aliero za ta zama kamar fushin mutum ɗaya. Jam'iyya na iya fid da ɗan takara ta hanya uku. Akwai 'yar tinƙe, wadda ake cewa ƙato bayan ƙato, inda duk mai katin jam'iyya zai fito ya zaɓa. Akwai ta wakilai, waɗanda kowa ke kira daliget, inda 'yan tsiraru ke zaɓa a madadin saura. Akwai kuma maslaha, inda masu neman kujera ke janye wa ɗaya daga cikinsu. Hanyar daliget ita ce gonar gwamna. Shi ke ɗaukar nauyin ofishin jam'iyya, shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli a ƙarƙashinsa suke, su kuma su ke tsara wanda zai zama shugaban jam'iyya a mazaɓa da wanda sunansa zai shiga jerin wakilai. Wanda ya rubuta jerin ya riga ya ci zaɓen kafin a kafa akwati.

'Yan majalisa sun san haka, domin da yawansu tsofaffin gwamnoni ne. A ƙarshen 2021 suka zartar da ƙudurin dokar zaɓe da ya wajabta wa kowace jam'iyya 'yar tinƙe. Gwamnoni suka ƙi, kuma shugaban ƙungiyar gwamnonin APC a lokacin ba wani ba ne illa Bagudu. A Disamba Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu, yana kafa hujja da tsadar tsarin da matsalar tsaro da 'yancin jam'iyyu na zaɓen hanyar da suke so. Majalisa ta ja da baya ta mayar da hanyoyin uku, Buhari ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022.

Sai daga baya aka farga da wani giɓi a sashe na 84 na dokar. Yadda aka rubuta shi, wakilan da aka zaɓa musamman don taron ne kaɗai za su jefa ƙuri'a. Waɗanda a da muƙaminsu ke ba su wannan dama kai tsaye, wato shugaban ƙasa da gwamnoni da sanatoci da 'yan majalisu na da da na yanzu, duk an bar su a waje. A watan Mayu majalisun biyu suka yi gaggawar gyara sashen cikin kwana biyu suka aika wa Buhari. Bai sa hannu ba har aka gama zaɓukan. Gwamna ma ya rasa ƙuri'arsa ta ƙashin kai, gaskiya ne, amma me ya dame shi da ƙuri'a ɗaya alhali jerin sunayen na aljihunsa? Sanata kuwa, wanda dā yake da tsofaffin 'yan majalisa da tsofaffin shugabanni da zai dogara da su, ya wayi gari ba shi da kowa a zauren. Doka ce da suka rubuta da hannunsu.

A Kebbi ɓarakar ta riga ta fito tun 2021. Yahaya Abdullahi ya ce a wasiƙarsa matsalar ta faro ne daga Yulin shekarar, lokacin da aka kawar da shugabancin jam'iyya na jiha aka ɗora waɗanda ba a zaɓa ba tun daga mazaɓu har sama. Jam'iyyar ta dare gida biyu, ɓangaren gwamna da ɓangaren sanatoci. An kai kuka ga kwamitin riƙo na Mai Mala Buni, an kai ga kwamitin sulhu na Sanata Abdullahi Adamu, wanda shi ne ya zama shugaban jam'iyyar na ƙasa a Maris na 2022, ba a samu bakin zaren ba. Da aka zo ƙarshen Mayu, tikitin gwamna da Yahaya Abdullahi ke nema ya tafi ga Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, shugaban ƙungiyar malaman makaranta ta ƙasa. Tikitin sanatan Kebbi ta Tsakiya kuma ya tafi ga gwamna mai ci.

Akwai wani abin lura a nan da bai kamata a wuce shi ba. A makon zaɓen shugaban ƙasa, Bagudu na cikin gwamnonin Arewa na APC da suka fito suka ce mulki ya koma Kudu, kuma da Abdullahi Adamu ya sanar a ranar 6 ga Yuni cewa Ahmad Lawan ne ɗan takarar maslaha, su ne suka yi tsaye suka ce sai an jefa ƙuri'a. Wato gwamnan da ya ƙi yarda a yi wa jam'iyya ɗauki-ɗora a Abuja shi ne sanatocinsa ke zargi da ɗauki-ɗora a Birnin Kebbi. Shi kansa Lawan da ya karanta wasiƙun, a daidai lokacin yana neman karɓe tikitin sanatan Yobe ta Arewa daga hannun Bashir Machina wanda ya ci zaɓen fid da gwanin da shi Lawan bai shiga ba, rigimar da sai Kotun Ƙoli ce ta raba a Fabrairun 2023. A zauren nan, da mai wasiƙa da mai karantawa da wanda ake ƙara, da wuya a sami wanda hannunsa bai taɓa wannan tukunya ba.

Wani sanata a wata ƙasa

Sanata ya juya wa jam'iyyarsa baki ana tsakiyar fid da ɗan takarar shugaban ƙasa ba a Nijeriya aka fara ba, kuma kwatanta na Kebbi da wani sanannen misali daga Amurka zai fito da abin da ya keɓanta da namu. Lindsey Graham, sanatan jihar Karolina ta Kudu a jam'iyyar Republican, na cikin masu zafin ra'ayin yaƙi a majalisarsu. Ya goyi bayan mamaye Iraƙi a 2003, kuma da ya fito neman shugabanci a 2015 babban abin da ya sa gaba shi ne a tura dubban sojojin Amurka Iraƙi da Siriya su yaƙi ƙungiyar IS. Bai samu karɓuwa ba, ya janye a Disambar shekarar tun kafin a jefa ƙuri'ar farko. Da ya ga Donald Trump na lashe jiha bayan jiha, sai ya buɗe wa jam'iyyarsa wuta. Ya ce zaɓi tsakanin Trump da Ted Cruz tamkar zaɓi ne tsakanin a harbe mutum da a ba shi guba. A Fabrairun 2016 ya ce jam'iyyar ta haukace. A Mayu ya ce in suka tsayar da Trump za su sha mummunan kaye, kuma su suka ja wa kansu. Bai zaɓi Trump a Nuwamba ba. Trump ya ci, kuma ba a daɗe ba Graham ya zama ɗaya daga cikin makusantansa.

Kamannin a bayyane suke, har da komawar da aka yi daga baya. Bambancin ne ya fi ba da ilimi. Graham yana fushi ne da abin da miliyoyin 'yan jam'iyyarsa suka zaɓa da hannunsu. An tambaye su, suka ba da amsar da ba ta yi masa daɗi ba. Aliero kuwa kukansa shi ne ba a tambayi kowa ba. Ta wannan fuska hujjar ɗan Kebbi ta fi ta ɗan Karolina ƙarfi a ma'aunin dimokuraɗiyya. Ta wata fuskar kuma ta fi ta rauni. Saɓanin Graham da Trump a kan manufa yake, a kan matsayin Amurka a duniya da yaƙi da ƙawance, ko da mutum na ganin manufar tasa ta jawo wa Gabas ta Tsakiya bala'i. Dalilin fitar sanatocin Kebbi bai taɓo wata manufa ba.

Ga shi kuwa akwai abin faɗa. Ranar da aka karanta wasiƙun saura kwana uku a cika shekara da sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, wanda aka yi ranar 17 ga Yunin 2021, kuma 'yan mata goma sha ɗaya daga cikinsu na nan a daji. Sai a 2023 aka sako na ƙarshensu. Wata uku kafin nan, a Maris na 2022, 'yan bindiga sun kashe 'yan sa-kai fiye da sittin a ƙasar Zuru, suka kuma far wa ayarin mataimakin gwamna suka kashe sojoji. Duk wannan a ƙarƙashin gwamnatin APC a sama da ƙasa. Hanyar da ta tashi daga Jega ta ratsa Maiyama ita ce ke kai mutum Yawuri. Da a ce a kan waɗannan 'yan mata sanata ya ajiye katin jam'iyya, da tarihi ya ba shi wani shafi dabam. A kan jerin daliget ya ajiye shi.

Hukuncin akwati

Shigar Aliero PDP ma ba ta rasa nata ƙura ba. Jam'iyyar ta riga ta yi zaɓenta na Kebbi ta Tsakiya tun a Mayu, ta fid da Haruna Sa'idu. Da babban baƙo ya iso sai aka nemi a ba shi wurin, Haruna Sa'idu ya ƙi, maganar ta kai kotu, aka yi ta fafatawa kafin sunan Aliero ya tabbata a takardar ƙuri'a. Mai karatu zai tuna da Magoro. Wanda ya gudo daga gidan da aka hana shi takara ya shiga gidan da sai an ture wani kafin ya zauna.

Duk da haka, ranar 25 ga Fabrairun 2023 jama'a suka ba shi gaskiya. Aliero ya samu ƙuri'a 126,588, gwamna mai ci ya samu 92,389. A zaɓen shugaban ƙasa Atiku Abubakar na PDP ya ci jihar da 285,175, Tinubu na da 248,088. PDP ta haɗa kujerun sanata uku duka: Yahaya Abdullahi ya riƙe Arewa, Garba Musa Maidoki ya kayar da Bala Ibn Na'Allah a Kudu. Ba za a ce fushin ɗauki-ɗora ne kaɗai ya haifar da wannan ba. An shiga zaɓen ne cikin wahalar canjin takardun Naira da ƙarancin man fetur, mai albasa a Aliero na da kaya ba mai saye da tsabar kuɗi, kuma jam'iyya mai mulki ce ta sha zafin. Ba Bagudu kaɗai ba ne gwamnan da ya nemi majalisa ya faɗi a ranar. Haka ta faru da Samuel Ortom a Binuwai da Darius Ishaku a Taraba da Ben Ayade a Kuros Riba. Amma tazarar ƙuri'a dubu talatin da huɗu a mazaɓar da ta haɗa da babban birnin jiha ta nuna abu ɗaya a fili: jerin daliget na Mayun 2022 bai yi kama da ra'ayin mutanen da aka ce yana wakilta ba. A kan wannan, wasiƙar ta faɗi gaskiya.

Sai kuma mutanen nan suka sake yin wani abin da ya fi wannan ban sha'awa. A zaɓen gwamna, wanda bai kammala ba a 18 ga Maris sai da aka ƙarasa shi ranar 15 ga Afrilu, suka ba Nasir Idris na APC ƙuri'a 409,225, Janar Aminu Bande na PDP ya samu 360,940. Shi ma Ƙauran Gwandu daga waccan hanyar daliget ɗin ya fito. A ganina wannan na nufin masu zaɓe ba tsarin suka hukunta ba, kuma ba PDP suka runguma ba. Mutane suka auna ɗaya bayan ɗaya: wannan namu ne, wancan ya isa haka. Siyasar Kebbi ta Tsakiya ta mutum ce da jama'arsa, tsohon gwamna da waɗanda ya ɗauka aiki, ya kai Makka, ya halarci jana'izar iyayensu. Jam'iyya riga ce da ake sawa saboda doka ta hana tsayawa takara ba da ita ba. Aliero ya sa ta APP da ANPP, ya sa ta PDP, ya sa ta CPC, ya sa ta APC, ya sake sa ta PDP, kuma mafi yawan jama'arsa sun bi shi duk inda ya nufa.

Wannan ne ya sa sukar ba ta gyara komai a jam'iyyar da aka yi wa ita ba. Mai suka da ya zauna a gida yana iya tara masu ra'ayinsa su nemi a sauya ƙa'ida. Wanda ya fita ya bar wa abokin hamayyarsa gidan ne gaba ɗaya. Bagudu ya rasa kujerar sanata, amma a Agustan 2023 ya zama Ministan Kasafi da Tsare-tsaren Tattalin Arziki a gwamnatin mutumin da ya shelanta nasararsa a Eagle Square. Shugabancin masu rinjaye da Yahaya Abdullahi ya ajiye ya koma hannun Ibrahim Gobir na Sakkwato, Kebbi ta rasa shi. Wanda ya fi kowa asara shi ne ɗan jam'iyya na ƙasa, mai kati a Andarai ko Sabiyal, wanda aka yi rigimar da sunansa amma ba a tambaye shi ba a APC, ba a kuma tambaye shi ba a PDP.

A Mayun 2025 sanatocin Kebbi uku suka ziyarci Shugaba Tinubu a fadarsa tare da shugaban APC na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, kuma bayan 'yan kwanaki Shugaban Majalisar Dattawa Godswill Akpabio ya karanta wasiƙunsu na komawa APC. Dalilin da suka bayar a wannan karon shi ne rikicin da ya dabaibaye PDP. Zaɓen wannan dalili ba a banza yake ba: sashe na 68 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kai shi zai rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyar ta rabu. Aliero ya ci gaba da zama a kujerar da aka ba shi a ƙarƙashin lema, yana riƙe da tsintsiya, a jam'iyya ɗaya da ministan da ya kayar. Mutum 126,588 da suka dangwala masa a 2023 sun ji labarin ne a rediyo, domin doka ba ta ce a koma Jega ko Maiyama a sake kafa akwati ba.